Sunan da ke tsaya mana a maƙogwaro bayan zaɓe

Lahadin farko bayan an bayyana sakamakon zaɓe, ka kasa kunne ga wanda aka ba addu'ar shugabanni a majami'a. Na taɓa sauraren wani dattijo da duk muka san inda ya jefa ƙuri'arsa, muka kuma san gwaninsa ya sha kaye. Ya yi wa marasa lafiya addu'a da sunayensu, ya yi wa gwauraye da marayu. Da ya iso kan sabon shugaba sai ya yi gyaran murya, ya ce "da dukan masu mulki", ya wuce da sauri. Amin ɗinmu ma a ciki-ciki ta fito. Ban ga laifinsa ba, domin ni ma sunan ya tsaya mini a maƙogwaro.

Baƙin cikin kansa ba zunubi ba ne. Annabi Habakuk da ƙorafi ya buɗe littafinsa, yana tambayar Allah har yaushe zai yi ta kuka ba a ji ba, ga shari'a ta zama ta banza, ga mugaye sun kewaye masu adalci. Allah bai kore shi ba, amsa masa ya yi. Saboda haka masu saurin cewa "ai Allah na kan kursiyinsa" su ɗan dakata. Maganar gaskiya ce, amma a wasu bakunan ta zama hanyar ce wa mai kuka ya yi shiru.

Abin da ke damuna daban ne, kuma sai bayan mako biyu ko uku yake fitowa fili. "Bari su gani." "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa." "Su ɗanɗana kuɗarsu." Mutum zai ɗauki waya da sassafe yana neman labarin kasawar sabuwar gwamnati kamar mai jiran albishir, in ya samu ya tura wa 'yan ƙungiyar mawaƙa da alamar dariya. A ƙasan ransa so yake ƙasa ta tagayyara, domin a san shi ne ya yi gaskiya tun farko.

Wannan hali yana da suna a Littafi Mai Tsarki, sunansa Yunusa. A sura ta 4, bayan ya gama wa'azi a Nineba, ya fita gabashin birni, ya kafa bukka, ya zauna a inuwa yana jira ya ga abin da zai sami mutanen. Da hallaka ba ta zo ba, sai ya fusata har ya roƙi mutuwa. Allah ya tuna masa cewa a birnin akwai mutum fiye da 120,000 da ba su san damansu da hagunsu ba, ga dabbobi masu yawa. In ƙasa ta lalace, wanda ya ci zaɓe ba shi ne zai fara jin jiki ba. Mai naƙuda ce da ta tarar da asibiti babu magani, da yaron da makarantarsa ta rufe, kuma ba a tambayarsu wa suka zaɓa kafin wahala ta same su.

Nassin da na fi komawa gare shi a irin wannan lokaci shi ne wasiƙar Irmiya. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarkin Yahuza da fādawa da masu sana'a zuwa Babila. Wannan ya wuce faɗuwa zaɓe nesa ba kusa ba, ƙasa ce aka ci da yaƙi. Sai wani annabi, Hananiya, ya tashi a Haikali ya ce kafin shekara biyu za a dawo da komai, har ya cire karkiyar da ke wuyan Irmiya ya karya a gaban jama'a. Irmiya da kansa ya ce amin, Ubangiji ya sa haka, domin shi ma abin da yake so ke nan. Amma saƙon da ya aika wa masu zaman bauta a sura ta 29 ba mai daɗin ji ba ne: shekara 70 za ku yi, ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku aurar da 'ya'yanku. A aya ta 7 ya ce su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce tasu. Babila fa ake nufi, birnin waɗanda suka wulaƙanta su. Ayar nan ta 11 da muke son rubutawa a kati, wadda ke maganar shirin alheri da bege, a cikin wannan wasiƙar take, daidai bayan maganar shekara 70. Mu kan ɗauki alkawarin mu bar jiran.

Hananiya bai ƙare da zamaninsa ba. Kowane zaɓe sai an sami mai hawa mumbari ya ce Ubangiji ya nuna masa wanda zai ci. In abin bai tabbata ba, sai ya ce an sace annabcin, ko kuwa nan da wata uku za a ga abin mamaki. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta riga ta yanke hukunci: in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Faston da ya yi haka bashi ne a kansa ya tsaya a mumbarin da ya yi maganar ya ce, "'Yan'uwa, na yi kuskure." Matasan da suka yi azumi bisa maganarsa, yanzu suna tambaya ko Allah ne ya gaza, su ne abin ji.

Na san wani zai ce wannan duk miƙa wuya ne, kuma yana da dalili, domin an sha amfani da Romawa 13, surar da ke cewa a yi biyayya ga masu mulki, a toshe bakin wanda aka zalunta. Amma a duba rayuwar Bulus, wanda ya rubuta surar. A Filibi, bayan an yi wa Bulus da Sila bulala an kulle su ba tare da shari'a ba, mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye. Bulus ya ce sam, su Romawa ne, sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da su. Haka kuwa aka yi. A gaban Festus ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar, Kaisar ɗin kuwa Niro ne, wanda daga baya ya tsananta wa Kiristoci. Mutumin da ya ce wa Timoti a yi addu'a domin sarakuna shi ne wannan. Don haka in kana da hujjar maguɗi, kai ta kotu, ka rubuta, ka fita zanga-zangar lumana in doka ta ba da dama. Hujja na ce, ba hoton da aka turo maka wanda ba ka san asalinsa ba, domin dokar hana shaidar zur ba ta tafi hutu lokacin siyasa ba. Yahaya Mai Baftisma ya faɗa wa Hirudus laifinsa ido da ido, amma laifin da ya tabbata ne.

Sai kuma ɗan'uwan da ke zaune kusa da kai, wanda gwaninsa ya ci. Cikin almajirai 12 akwai Matiyu da ya karɓi haraji a ƙarƙashin mulkin Romawa, akwai Saminu da ake kira Zaloti, sunan da aka san masu adawa da mulkin Romawa da shi, kuma gurasa ɗaya aka gutsura musu. Shi ma mai murnar ya san cewa ba ranar da za a tashi da waƙar habaici a sujada ba ce.

Ga wanda gwiwarsa ta yi sanyi har yake cewa ya daina zaɓe, ya tuna da William Wilberforce, ɗan majalisar Birtaniya. Ƙuri'ar majalisa ce tasa, ba ta akwatin zaɓe ba, amma zafin kayen ɗaya ne. A 1791 ya kai ƙudirin hana cinikin bayi, aka kayar da shi da ƙuri'a 163 da 88. A 1796 ya sake faɗuwa da ƙuri'a huɗu kacal, alhali wasu magoya bayansa sun tafi kallon wasa a daren. Tsakanin faɗuwa da faɗuwa, shi da abokan aikinsa ba su kafa bukka a gabashin birni ba, shaidu suka yi ta tarawa, suna buga takardu, suna bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Sai a 1807 ƙudirin ya wuce, da ƙuri'a 283 da 16.