Aikin sufeton jirgin ƙasa a Amurka: ba digiri ake fara tambaya ba

Da yawa na zaton sai mai digirin injiniya ke zama sufeton kiyaye haɗurran jirgin ƙasa na gwamnatin Amurka. Ba haka ba ne. Hukumar kula da jiragen ƙasa ta tarayya (FRA) mai ɗaukar waɗannan sufetoci, wadda wata dokar 1966 ta kafa, gogewa take nema: wanda ya daɗe yana gyaran layin dogo, birki ko sigina, ko ya tuƙa jirgin da kansa. A ganina daidai ne, domin wanda ya ɗaura ƙarfen dogo da hannunsa ya fi saurin gane inda ya tsage.

Kuma sufeton ba zaman jiran haɗari yake ba. Kullum yana hanya, yana duba layi, taragun sinadarai da awannin aikin direbobi, ya rubuta laifin da kan jawo wa kamfani tara. Binciken manyan haɗurra kuwa, hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar (NTSB) ke jagoranta.