Yaro ya faɗi, a fara da sannu kafin faɗa

Dan Allah iyaye mu duba wannan abun. Yaro ɗan shekara biyu ko uku ya faɗi ya gurje gwiwa, kafin ma ya gama buɗe baki ya yi kuka har an rufe shi da faɗa, ba na hana ka gudu ba, Allah ya ƙara, maganinka kenan, wani ma harda rankwashi a kai. Haba jama'a, ciwon da ya ji bai ishe shi ba?

Sai kuma masu ihu da ɗora hannu a ka, wayyo na shiga uku, yaron da da zai miƙe ya kakkaɓe jikinshi ya cigaba da wasa sai ya kalli fuskar uwa ya ga tashin hankali, shikenan ya ɓarke da kuka. Ku lura da kyau, yaro in ya faɗi fuskarki yake fara dubawa kafin ya duba ciwon. Masana a Amurka sun gwada yadda fuskar uwa ke tasiri a kan yaro tun 1985, suka ɗora yara 'yan shekara ɗaya a kan tebur mai gilashi da aka yi shi kamar akwai rami a gaba, uwa na tsaye a ɗaya gefen, in ta yi murmushi yawancinsu sai su rarrafo su tsallako, in ta nuna tsoro a fuska ko ɗaya bai tsallaka ba.

Ni a ganina abun ba wuya, ki durƙusa daidai tsayinshi, ki rungume shi, ki ce sannu, ya yi zafi ko? nuna min wajen. Kar a ce mai tashi ba komai, ai a wajenshi da komai, shi yake jin zafin. Ballantana wai namiji baya kuka, ɗan shekara uku fa, wane namiji kuma.

Kina lallashi kina duba ciwon. In jini ne ki danne da tsumma mai tsabta kamar minti 10 ba tare da kina ɗagawa kina leƙawa ba, fatar kai kam tana zubar da jini sosai ko da yankan ƙarami ne, kar ya ruɗa ki. In ƙuna ce ruwa mai sanyi yana zuba a kai har minti 20, banda ƙanƙara, banda man goge baki. Haɓo kuma ya sunkuyo gaba a matse mai hancin, ba a ɗaga kai sama ya dinga haɗiyar jini ba.

Amma abun da ya fi ɗaga min hankali shine yaron da ya saba duk ya ji ciwo sai an mai tsawa, wallahi ɓoyewa zai koya. Ya faɗo daga kan gado ya buga kai ya yi shiru, ya haɗiye wani abu ya yi shiru, sai dare ya yi a ga yana ta amai ko baccin da ba'a iya tada shi ko jijjiga, alhali irin wannan asibiti ake gudu dashi nan take, kuma likita zai tambaya yaushe ya faɗi, daga ina, ba mai amsa.

Faɗan kar ka ƙara hawa kan kujera ba guduwa zai yi ba, a bari ya huce ya share hawaye tukunna, a lokacin ma ya fi jin magana don yaron da ke tsakiyar kuka ba abun da yake shiga kunnenshi.