Kafin A Ɗaura Aure, Wa Ya Duba Ɗakin Gwajin?

Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, takardar jinotayif, wato gwajin da ke nuna ko mutum na ɗauke da sikila a jininsa, ta kusa zama kamar sadaki a Kano. Na goyi bayan dokar, kuma ina nan a kan bakana. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda aka mayar da takardar tamkar yankan wuƙa, ba mai tambayar yadda aka same ta. Kwanan nan 'yar maƙwabcina ta kawo sakamako daga ɗakunan gwaji biyu, ɗaya ya ce AA, ɗaya ya ce AS, alhali manemin nata AS ne, kuma idan AS ya auri AS suna iya haifar mai SS, wato mai ciwon sikila. Da maganar ta je gaban manya, sai wani ya ce a riƙe ta farkon, tunda ita ce ba ta hana aure.

Ya kamata mu san abin da ake yi wa jinin nan. Ana fasa jajayen ƙwayoyin jini, a ɗiga ruwansu a kan wata siririyar takarda da aka jiƙa da ruwan sinadari, sannan a sakar mata wutar lantarki. Himogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launinsa, yana ɗauke da caji, don haka wutar ke jan sa zuwa gefe guda. Nau'in A ya fi caji, shi ke yin gaba. Nau'in S, na sikila, ya rasa wani ɓangare na cajinsa saboda sauyin ƙwayar amino guda ɗaya tak, sai ya biyo baya. Nau'in C, wanda ya yawaita a arewacin Ghana da Burkina Faso, shi ne na ƙarshe. Ma'aikaci yana duba inda kowane layi ya tsaya, ya rubuta AA ko AS ko SS ko SC. Makomar gida guda tana rataye a kan tazarar da ba ta kai faɗin ɗan yatsa ba.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa jinin mai sikila yana tafiya daban a cikin wutar lantarki. A 1966 Herbert Pohl ya raba ƙwayoyin yis masu rai da matattu da wuta, kuma daga baya masu bincike suka yi amfani da dabararsa wajen ware jajayen ƙwayoyin da maleriya ta shiga daga lafiyayyu. Duniya ta kai ga tsince ƙwayar halitta ɗaya-ɗaya, mu kuwa gwajin da ya haura shekara saba'in muke kasa yi daidai.

Me ke ɓata shi? Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, a tayar da janareta, ƙarfinta ya yi sama ya yi ƙasa, layukan su cakuɗe. Ruwan sinadarin da ya kamata a sauya a yi ta maimaita shi don tsimi. A ƙi ɗiga jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe, wanda da shi ake gwada sauran. Ba a tambayar mutum ko an yi masa ƙarin jini cikin wata ukun da suka wuce, alhali jinin wani yana iya sa mai SS ya fito AS. Mafi muni, akwai masu yin ɗan gwajin nan na ganin ko ƙwayar jini ta lanƙwashe, wanda ba ya bambanta AS da SS, su kira shi jinotayif, su buga hatimi. Wannan ha'inci ne, kuma jariri ne zai biya da ciwon ƙashi da kwanan asibiti.

Masu cewa ai komai ƙaddara ce, su tuna an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Masu ganin maganin shi ne a sayo manyan na'urori masu tsada a jibge a asibitocin birni kuwa, ban ga abin da hakan zai yi wa amaryar da ke Doguwa ko Tudun Wada ba. Ƙaramar na'urar nan mai batir, Gazelle, da wannan dabara ta wutar lantarki take aiki, tana ba da sakamako cikin 'yan mintoci, kuma Kano na cikin wuraren da aka gwada ta tun tana samfuri. Jinin 'ya'yanmu ya taimaka wajen tabbatar da ita, me ya sa ba ta cika asibitocin ƙauyukanmu ba?

Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa. Gwamnatin da ta wajabta gwaji, wajibinta ne ta fitar da sunayen ɗakunan gwajin da ta amince da su, tare da hukumar MLSCN mai sa musu ido, ta riƙa aika musu jinin da ta san nau'insa ba tare da sanarwa ba, wanda ya faɗi a rufe shi. Limamai kuma su daina karɓar takarda ɗaya. Idan biyu suka saɓa, a tafi asibitin koyarwa a yi na uku kafin a raba goro.