Harafi Ɗaya Tak

Tun ranar Alhamis na gama bidiyon buɗe dinar nan a manhajar haɗa bidiyo ta After Effects: sunan ango da amarya da ruwan zinare, hotuna 47 suna shawagi, renda, wato fitar da bidiyon, ta ci awa biyu da man janareta. Asabar bayan Magariba ƙanwar ango ta kira, wai amarya da "h" take rufe sunanta, in ba a gyara ba ranta zai ɓaci. Kwamfutata ta tebur ce, lokaci kuma ya ƙure, sai na jefa fayil ɗin aikin a filash, na ari laftof ɗin wani mutumina, na tari adaidaita sahu, da niyyar in gyara a can kafin jama'a su cika. A hanya har yaba wa kaina nake yi, wai fayil ko megabait 5 bai kai ba, ƙiftawa da bismilla ya shige.

To ai dole ya shige. Fayil ɗin aikin, wato .aep, babu hoto ko ɗaya a cikinsa, adireshin inda hotunan suke kawai yake riƙewa. Takardar lissafin lefe na ɗauko, akwatunan suna gida. Abin haushin, ni ne nake yi wa yaran shago faɗa kullum a kan haka: kafin aiki ya bar kwamfuta a danna Collect Files, ya tattara hotuna da sauti da aikin a folda guda. Ni ɗin nan.

Ina zama kusa da mai kiɗa, ya zari wayar majigi ya soka a laftof ɗin, wai bari ya gwada. Ban ma kula ba, hankalina yana kan "h". Na buɗe aiki. Saƙo ya fito cewa fayiloli sun ɓace. Na danna, sai ga bangon zauren gaba ɗaya ya cika da layukan nan masu launi-launi, irin na NTA a da kafin a buɗe tasha da yamma, sunan amarya yana lilo a kansu da zinarensa. Wani dattijo a teburin gaba ya gyara hula ya ce, "Ikon Allah, labaru za a karanta mana?"

Da a nan abin ya tsaya da na gode wa Allah. Amma duk allon laftof ɗin ne yake kan bango, har da jerin sunayen fayiloli a gefen hagu, waɗanda suka ɓace sun karkace kamar masu jin barci. Ni kuwa ba na sa wa hoto lamba, yadda zan gane shi nake raɗa masa suna. Mai gabatarwa ya matso da makirfo. Kun san shi, ba sai na faɗa ba.

"Jama'a, ga jerin manyan baƙi. Ango kafin ya yi tumbi." Aka kwashe da dariya, har ango. "Amarya a ƙara mata haske." Dariya ta ragu. Na kai hannu zan zare waya, mai kiɗa ya riƙe ni, wai in na zara da ƙarfi bakin zai lalace, nasa ne. "Gwaggo mai harara. Gwaggo mai harara 2." Mai gabatarwa ya dakata, ya juya yana duba teburin iyaye mata a hankali, kamar mai neman akuyarsa a kasuwa. Gwaggo uku ne a teburin. Duk ukun suka harare ni.

Sai ya ɗaga kai ya karanto sunan aikin daga can sama, da muryar sanarwar ganin wata: "Na ƙarshe wallahi tallahi 3." Ya ce, "Malam, kaffarar biyun farko fa?"

Wannan mutumin fa, ni na yi masa tambarin da yake juyi a farkon duk bidiyonsa. Sau huɗu yana sa ni canza launi, daga kore zuwa ruwan goro, ya dawo kore. Ya ba ni rabin kuɗi ya ce sauran bayan Sallah, bai faɗi wace Sallah ba, yanzu an yi huɗu. Ranar da wayarsa ta faɗa kwata, wa ya kira ƙarfe goma sha ɗaya na dare ya sake tura masa tambarin? Kuma na same shi nan take, don aikinsa yana cikin folda a tsare, da kwanan wata da komai. Nasa na adana kamar takardar fili. Sunan foldar dai ba zan faɗa ba, Allah ya rufa asiri ba ita ce a bango ba.

Ƙarshe tsohon bidiyon da na tura wa ƙanwar ango ta WhatsApp aka kunna daga wayarta, ya dushe, fuskoki kamar an shafa musu koko. Babu "h". Ko amaryar ba ta lura ba, tana can ana yi mata liƙi.

Cikon kuɗina an ce in je wurin Gwaggo in karɓa. Ban tambayi wacce ba. Mutumin nawa ma yana ta kira a kan cajar laftof ɗinsa, ina jin a zauren na bar ta.