Kiɗan Dream Theater ba hayaniya ba ce

Sau da yawa za ka ji ana cewa kiɗan metal, wato kiɗan Turawa mai ƙarfin sautin jita da ganguna, ƙara ce kawai, kowa na dukan kayansa yadda ya ga dama. Masu faɗin haka suna da uzuri, domin sautin jitar lantarki yana da kaushi, ga kuma sauri. Amma wannan hukunci bai hau kan reshen da ake kira progressive metal ba, wato metal mai sarƙaƙƙen tsari, musamman ƙungiyar Dream Theater ta Amurka.

John Petrucci mai jita, John Myung mai jitar bas da Mike Portnoy mai ganguna sun kafa ƙungiyar ne a 1985, suna ɗalibai a makarantar kiɗa ta Berklee da ke Boston. Komai a lissafe suke yin sa.

Abin da ke rikita kunne shi ne ƙidaya. Yawancin waƙoƙi bugu huɗu-huɗu suke tafiya, ƙafa na bi ba wahala. Su kuwa sukan ɗauki bugu bakwai su raba shi biyu, biyu, uku, kafin ka saba sun koma biyar. Wanda ke jiran huɗu sai ya ji kamar an yi tuntuɓe.

Saurari "The Dance of Eternity" a kundinsu na 1999, Metropolis Pt. 2: Scenes from a Memory. Babu mai rera waƙa a ciki, kuma ƙidayar tana sauyawa fiye da sau 100 cikin kusan minti shida. Mutum ɗaya ya makara da bugu guda, duk kiɗan ya watse. Ka bi gangar ƙafa kaɗai a sauraron farko, za ka ji jita da bas suna sauka tare da ita daidai.