Saurin kai daban, hangen nesa daban

A wani zaure kusa da rijiyar Kusugu a Daura, na ga saurayi ɗan shekara 19 yana nuna wa kakansa wata manhaja a waya: ka zuba naira dubu 50, wai bayan wata guda ta ninka. Tsohon ko adana lamba a waya bai iya ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ɗan nan, su me suke sayarwa da ke kawo musu wannan riba?" Jikan ya yi tsit.

Yaron ba dolo ba ne. Cikin minti biyar ya laƙanci manhajar. Masanin halayyar ɗan Adam Raymond Cattell ya raba basira gida biyu: akwai saurin warware sabuwar matsala, wanda ke kan ganiyarsa a samartaka sannan ya riƙa ja baya sannu a hankali, akwai kuma sanin da rayuwa ke tara wa mutum, wanda ke ƙaruwa har bayan shekara 60. Sashen gaban ƙwaƙwalwa kuwa, mai taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Tun daga yarinta ma hawa-hawa abin yake. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa in ka juye ruwa daga kofi mai faɗi zuwa dogon siriri, ɗan shekara 4 zai rantse ruwan ya ƙaru. Wajen shekara 7 sai ya daina ruɗuwa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mai da "abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba" sandar rufe bakin yara. Maganar gaskiya ce, amma in babba bai faɗi yadda ya hango ba, a ina yaron zai koya? Yaron da ya tashi da "yi mini shiru" a gida, ya tarar da hadda zalla a aji, zai kai shekara 40 yana jiran a yanke masa hukunci. Masu furfura nawa aka damfara a garin nan?

Dattijon bai tsawata ba, bai ƙwace wayar ba. Tambaya ya miƙa masa. Da yamma jikan ya tura ta a zauren WhatsApp na masu manhajar, kafin isha'i suka cire shi.