"Sai Ka Zo Reshenmu da Kanka"

Wallahi har yau in na tuna muryar yarinyar bankin nan sai in ji zuciyata tana tafasa. Shekara uku ina tara kuɗin wannan tafiya. Kaɗan-kaɗan nake sayen dala ina zubawa a asusuna, tun tana naira ɗari bakwai da 'yan kai a hannun 'yan canji har ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar. Na biya kuɗin biza, Yuro 90 kowannenmu ni da uwargida, kuɗin da ko an hana ka ba mai mayar maka. Duk don in cika mata alkawarin da na ɗauka tun muna amarci, cewa sai na kai ta ta ga duwatsun Suwizalan da idonta.

Allah ya kai mu Luzarn lafiya. Gari ne a bakin tafki, duwatsu sun yi masa zobe. Ranar farko mun taka tsohuwar gadar katakon nan da ke kan kogin Reuss, wadda gobara ta cinye mafi yawanta a 1993 amma ko shekara ba a rufa ba suka sake gina ta. Katina ya biya otal, ya biya abinci, lami lafiya. Kashegari muka hau jirgin ruwa zuwa Alpnachstad, inda jirgin ƙasa mai haƙora yake hawa dutsen Pilatus tun 1889, kuma a cikin jirage masu haƙora na duniya babu kamarsa wajen hawa tsaye. Layi ya zo kanmu, na miƙa kati. Ya ƙi. Mai sayar da tikitin ta sake gwadawa, ya ƙi. Na uku ma haka. Ita ba ta yi mini komai ba, sai cewa ta yi mu ɗan matsa gefe. Muka matsa, mutane suna wucewa suna satar kallonmu, uwargida ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin da bai zame ba.

Na kira bankina. Danna kaza, danna kaza, sannan kiɗa. Minti goma sha huɗu ina sauraren kiɗa da kuɗin kiran ƙasar waje kafin wata ta ɗauka.

Na yi sallama, ba ta amsa ba. Ta nemi lambar asusu, ranar haihuwa, sunan mahaifiyata, na ba ta. Shiru. Ina jin tana taunar wani abu.

"Yallaɓai, an rufe katin ne saboda tsaro."

Na ce, "Baiwar Allah, tsaron wa? Kafin in taso na je reshenku, na cike fom cewa zan yi tafiya, an buga masa hatimi a gabana."

"Bai nuna a nan ba."

"To ga ni, ni ne mai asusun, duk abin da kika tambaya na amsa. Ki buɗe mini."

"Sai ka zo reshenmu da kanka, da katin shaida."

Na ɗauka ba ta ji ni ba ne. Na sassauta murya na ce, "Ƙanwata, daga Suwizalan nake kiranki. Ina tsaye a gindin dutse da iyalina, kuɗin aljihuna ba zai kai mu ko'ina ba."

"To idan ka dawo sai ka zo."

"Jirgi zan hau in zo in sa hannu in komo? Haɗa ni da manajanki."

"Yau Asabar ce."

Nan fa murya ta ƙwace mini, ban ɓoye ba. Na ce kuɗina ne, guminmu ne, ba sadaka na zo nema ba. Sai ta ja tsaki, tsakin da na ji shi tar daga nisan duniya, ta ce, "Alhaji, ka rage murya. Ai ba ni na aike ka ƙasar waje ba." Kafin in haɗiye wannan sai ta ɗora da haddar da aka koya musu, wai ko akwai wani abin da za ta taimaka mini da shi. Ta kashe.

Ba ni na aike ka ba! Yarinyar da na tabbata na haife ta. Da kuɗin ajiyar irinmu ake biyanta albashi, amma ni ne abin ja wa tsaki.

Kuma ba yau aka fara ba, kun sani. Mu ne muka kwana a bakin ATM farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, muna sayen naira da naira a wajen masu POS. Mu ne aka rage wa abin da katin naira zai kashe a ƙasashen waje zuwa dala 20 a wata a 2022, daga baya aka toshe shi ɗungurum, abin da ya sa na buɗe asusun dalar tun farko. Ka tura kuɗi a cire a asusunka, bai isa ba, bai dawo ba, a ce ka jira. NIN ɗin nan sau nawa aka sa mu kai shi? Kullum amsa ɗaya ce, ka zo da kanka, ka yi layi, ka yi haƙuri.

Wa ya ɗaure musu gindi? Gwamnatin da ba kasafai take sa banki ya ji a jikinsa don ya wulaƙanta mai ajiya ba. Manyanmu ba sa tsayawa gaban na'ura gabansu yana faɗuwa, kira ɗaya suke yi a buɗe musu ko da tsakar dare ne. Su ne kuma suka sa mai son ganin tafki da dutse sai ya ƙetare teku. Dutsen Chappal Waddi da ke Taraba mita 2,419 ne, ya fi Pilatus tsawo, amma wa zai ɗauki matarsa ya bi waɗannan hanyoyi da kwanciyar rai? Tafkin Tiga yana nan tun zamanin Audu Bako, me aka ƙara masa da zai ja baƙo? Mu ma da laifinmu, an saba mana da cin fuska har wanda ya ɗaga murya shi ake kira maras haƙuri.

Ba mu hau dutsen ba. Da 'yan canjin da suka rage muka koma gari, muka zauna a bakin tafki muna cin burodi da ruwan famfo, Pilatus yana gabanmu. Uwargida ta ce ba komai, ai ta gan shi. Da dare wayata ta yi ƙara, na zabura ina zaton an buɗe katin. Ashe saƙon banki ne, sun cire kuɗin kula da kati.